Kasuwar Aji: Yadda Malaman Wata Firamare a Maradi Suka Ƙera Wasannin Koyarwa da Hannunsu

Makarantar tana gefen garin Maradi, cikin unguwannin nan da jama'a suka riga gine-ginen gwamnati isa. Azuzuwanta daga CI ne, ajin farko, sai CP, CE1, CE2, CM1, har CM2, ajin ƙarshe, wasu na siminti, wasu na zana da ake sake kafawa duk shekara idan kara ya samu bayan girbi. Mafi yawan malamanta 'yan kwantiragi ne, kuma mata sun fi yawa. Ni aikina in zauna a bayan aji in kalli darasi, in an tashi mu tattauna da malami. Konseye ake ce mana. Abin da zan bayyana ya faru ne cikin shekarar karatu guda, kuma duk ya taru kan abu ɗaya: yadda za a taimaka wa malami ya ƙera wasan da zai warware wa ɗalibansa abin da ya shige musu duhu, da kayan da zai iya tsinta a unguwa.

Halin da karatun firamare yake ciki a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashen Afirka goma, 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka kai matakin da ake bukata, a karatu ko a lissafi, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an motsa, kusan uku cikin goma a fannin karatu, amma mafi rinjaye suna baya. Duk wanda ya taɓa shiga aji a Maradi ya san daga ina abin yake: yara sun yi wa malami yawa, littafi bai isa ba, ana koyarwa da harshen da yaro bai taɓa ji a gida ba, malamin kuma sau da yawa gajeren horo ya samu aka miƙa masa alli.

A ofishin direkta akwai wani akwati da wata ƙungiya ta kawo shekarun baya, cike da wasannin koyarwa masu kyan gani. Yana kulle. Direkta ya sa hannu ya karɓa, kuma ya san ranar da aka zo ƙidaya aka tarar guda ta ɓata, shi za a tambaya. Ko da an buɗe, kowane wasa na mutum huɗu ne, alhali ajin da ya fi ƙarancin yara ya haura sittin. Bayanin yadda ake yi yana cikin Faransanci mai nauyi, hotunan kuma na tuffa da jirgin ƙasa ne. Ban ga laifin direkta ba, ban kuma ga laifin malaman da ba su taɓa neman makulli ba. Wanda ya tsara wasannin bai taɓa tsayawa gaban waɗannan yara ba.

Don haka da muka haɗu a zaman CAPED, taron da malaman makarantun da ke kusa da juna suke yi don ƙara wa juna sani, ban zo da wasa ko ɗaya ba. Na roƙi kowa ya ɗauko littattafan aikin ɗalibansa, masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, kada ya zaɓa.

Inda yaran suke tuntuɓe

Da malamar CE2 na fara, na tambaye ta.

"Madam, mi kike so yaran nan su iya wanda ba su iya ba yanzu?"

"Lissafi, Mushe." Haka ake kiran malami namiji a lakwal.

"Lissafi da faɗi yake. A ina daidai suke tuntuɓe?"

Ta yi shiru, ta shiga buɗe kaye, wato littattafan aikin, ɗaya bayan ɗaya. Da muka jera su kan tebur, sai ga kuskure iri ɗaya ko'ina. An ba su 500 a ɗebe 175, yara da yawa sun rubuta 475. Ba canka suka yi ba, suna da ƙa'idarsu. A kowane gida sai su duba lambar da ta fi girma su ɗebe ƙaramar daga cikinta, ko tana sama ko tana ƙasa: biyar a ɗebe sifili, biyar, bakwai a ɗebe sifili, bakwai, biyar a ɗebe ɗaya, huɗu. Aro ne bai shige su ba. An sha gaya musu "a aro ɗaya", amma ba su san daga wa ake aron ba, ba su kuma san dalilin da ya sa ɗayan da aka aro yake komawa goma ba.

Ranar da na je ajinta, Madam ta kira ɗaya daga cikin masu 475 ɗin, wata yarinya da ke tallan dafaffiyar gyaɗa da marece.

"Ɗiyata, in na sayi kaya na dala talatin da biyar, na ba ki dala ɗari, nawa za ki maido mini?"

"Sittin da biyar, Madam." Ko numfashi ba ta ja ba.

"To ga abin da kika rubuta nan, 475. Dala nawa ke nan?"

Yarinyar ta ƙirga a zuci, leɓɓanta na motsi. "Tasa'in da biyar." Sai ta rufe baki da hannu. "Wallahi da Inna ta yi mini faɗa."

Lissafin ɗaya ne. Dala tamma biyar ce, wato sefa biyar, don haka dala ɗari ita ce 500, dala talatin da biyar 175, canjin kuma 325. Yaron Maradi yana zuwa lakwal da lissafinsa na kasuwa a kai: ya san 100 dala ashirin ce, 250 dala hamsin, 1000 jaka guda, wasu ma sun iya juya sefa zuwa naira saboda kusancin iyaka. Amma a kasuwa ba a ɗebewa gida-gida. Ana hawa ne daga farashi zuwa kuɗin da aka miƙo: talatin da biyar, arba'in, hamsin, ɗari. Hanya ce mai kyau, tana kuma da sauri. Matsalar ita ce babu gada tsakaninta da abin da ake rubutawa a allo, shi ya sa yarinyar da ba za a taɓa cuta ba a bakin titi take rubuta amsar da za ta karya jarin uwarta ba tare da ta ji komai ba.

Wasan farko

Madam ta ce to, za ta kafa kasuwa cikin aji. Ta tara kwalayen ashana da na sukari da na sabulu, ta yanka takarda ta zana kuɗi irin na gaske, ta sa farashin da ake sayarwa a unguwa. Na hango inda abin zai ƙare, amma na yi shiru. Gani ya kori ji, kuma malamin da aka hana gwada dabararsa ta farko da wuya ya kawo ta biyu.

Yara sun ji daɗi ƙwarai. Aka yi ciniki, aka yi "albarka", aka nemi ragi, har da mai cewa a ba shi bashi zuwa Juma'a. 'Yan talla suka mamaye kasuwar, sauran suna kallo suna dariya. Malamar ajin da ke maƙwabtaka ta leƙo ta jikin zana ta roƙi a sassauta. Da aka gama, Madam ta gwada su da tsarin nan na La Martinière da kowane malamin lakwal ya sani: a faɗi tambaya, a buga tebur kowa ya rubuta, a sake bugawa kowa ya ɗaga allo. Alluna suka tashi, 475 na nan inda aka bar ta.

Da aka tashi na tambaye ta abin da yaran suka yi da kawunansu a tsawon wasan.

"Ciniki suka yi."

"Akwai wanda ya yi aro?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. "A'a. Da dala suka yi komai. Ashe abin da suka riga suka iya ne na sa su maimaita."

A ganina nan ne mafi yawan wasannin aji suke mutuwa, kuma ba a lura, domin hayaniya da fara'ar yara suna ruɗin malami ya ɗauka an koyi wani abu. Yaro mai wayo ne. In akwai hanyar cin wasa da ba ta bi ta kan abin da yake masa wuya ba, ita zai bi, kuma yana da gaskiya. Aikin mai ƙera wasa shi ne ya tsara doka ta yadda babu hanyar ci sai ta wannan tunanin da ake so ya koya. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san kuskuren yaran dalla-dalla, ya kuma san dabarun da za su yi su kauce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gyaran da malamai suka yi

Madam ta kawo labarin gaban 'yan uwanta a zama na gaba, ba ta ɓoye komai ba. Gyaran ya fito daga bakin mutum uku.

Malamar CE1 ta ce a fitar da dala daga wasan baki ɗaya, a bar kuɗi iri uku kawai: marfin kwalba ya zama ɗari, guntun kara ya zama goma, tsakuwa ta zama ɗaya. Mushen CM1, wanda wansa yake sana'ar canjin kuɗi a kasuwa, ya ce a kafa doka cewa mai sayarwa ba ya ba da canji ko kaɗan. Mai saye ne zai biya daidai wa daida, in ba shi da ƙanana ya tafi wurin mai canji ya fasa. Mai canji kuma ba ya karɓar komai sai guda ɗaya ya ba da goma: marfi ɗaya kara goma, kara ɗaya tsakuwa goma. Ita Madam ta ƙara abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ta ce a sa farashin da babu shi a kasuwa, irin su 168 da 237 da 319, waɗanda ba sa rabuwa dala-dala, don kada 'yan talla su sake zillewa. Yara sun yi ƙorafi cewa babu abin da ake sayarwa haka. Ta ce musu wannan kasuwar ta wata ƙasa ce.

Ga yadda zagaye ɗaya yake tafiya. Yara biyar suna zaune a ƙasa sun kewaye gwangwanin madara: mai saye, mai sayarwa, mai canji, magatakarda da mai shaida. Mai saye yana da marfi biyar. Ya sa hannu a ƙwarya ya zaro guntun kwali, aka ga 168. Magatakarda ya rubuta 500 a sama, 168 a ƙasa. Mai sayarwa ya miƙa hannu ya ce a fara ba shi tsakuwa takwas. Mai saye ya duba gabansa, ba tsakuwa, ba kara. Dole ya ɗauki marfi guda ya kai wa mai canji, ya karɓo kara goma. Nan take magatakarda ya soke 5 ya rubuta 4, ya sa 10 a gidan goma-goma. Har yanzu ba tsakuwa. Ya sake komawa da kara ɗaya ya karɓo tsakuwa goma; magatakarda ya soke 10 ya rubuta 9, ya sa 10 a gidan ɗaya-ɗaya. Yanzu ya biya: tsakuwa takwas, kara shida, marfi ɗaya. Abin da ya rage a gabansa marfi uku, kara uku, tsakuwa biyu. Abin da ke allo 332. In sun yi daidai, ƙungiyar ta ci maki guda. In sun saɓa, su za su nemo inda aka ɓata kafin su zaro wani farashi.

Ba a ba da maki don sauri, kuma da gangan aka yi haka. Da an ce wanda ya riga shi ya ci, yara biyar ɗin nan da kullum suke ɗaga hannu su za su kwashe komai, sauran su koma 'yan kallo kamar yadda suka saba. Bayan kowane zagaye ana juya matsayi, don haka kowa sai ya riƙe alli, kowa sai ya zauna kujerar canji.

Matsayin mai shaida ne ya fi burge ni, domin ta nan dala ta dawo cikin wasan, amma a inda take da amfani. Kafin a fara biya, mai shaida yana faɗin kusan inda amsa za ta faɗa. Na ji yarinyar nan mai gyaɗa tana yi: 168 ya kusa dala talatin da huɗu, daga ɗari saura sittin da shida, wato wajen 330. Duk amsar da ta yi nisa da wannan, ba ta yarda. Wani yaro ya rubuta 468 a allo, ta ce masa, "Kai, ka sayi kaya na talatin da huɗu ka ce saura maka tasa'in da wani abu? Sake." Ilimin da ta zo da shi daga gida bai zama abin kunya ba, bai kuma zama hanyar gudu ba, ya zama ma'aunin da ake duba aikin lakwal da shi.

Da Hausa ake wasan, amma a ƙarshen zagaye mai shaida yana karanta amsar da Faransanci, tun da da shi za a yi jarrabawa. Nan ma wani abu ya fito fili. Faransanci yana kiran 75 sittin da sha biyar, yana kiran 95 ashirin huɗu da sha biyar, don haka yaro yakan ji lamba ya rubuta 615 a maimakon 75. In kara bakwai da tsakuwa biyar suna ajiye a gabansa yana kallo, kunnensa ba ya ruɗarsa sosai. Koyarwa da harsunan gida ba baƙon abu ba ne a Nijar, tun 1973 ake da makarantun gwaji masu yin haka, kuma kundin mulkin ƙasa da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka malamai da yawa suna jin kamar laifi suke yi in suka saki Hausa a darasin lissafi. Wasan ya ba Madam wurin da za ta yi hakan da natsuwa.

Sauran matsalolin na yau da kullum ne, kuma malaman suka warware su da kansu. Hayaniya: aka fitar da wasan waje, ƙarƙashin dogon yaro. Iskar hunturu tana kwashe takarda: aka koma kwali mai kauri. Marfin ƙarfe yana yanka hannu: aka tsaya kan na roba, a wanke da sabulu. Wurin ajiya kuwa babu wanda ya yi gardama a kai. Tun gobarar Nuwamban 2021 da ta tashi a azuzuwan zana a nan Maradi, yara sama da ashirin suka rasu, Allah ya jiƙansu, babu malamin da ke son tara kwali da kara cikin zana. Gwangwanayen suna kwana a ajin siminti, shugaban kowace ƙungiya ya ɗauko nasu da safe.

Gardamar "na riƙe ɗaya"

Malamin CM2, wanda ya girme mu duka, bai gamsu ba, kuma hujjarsa tana da nauyi. Yawancinmu da muka yi lakwal ba da fasawa aka koya mana ɗebewa ba. An koya mana a ƙara goma a sama, a ƙara ɗaya a ƙasa a gida na gaba: takwas daga goma saura biyu, na riƙe ɗaya; shida da ɗaya bakwai, daga goma saura uku, na riƙe ɗaya; ɗaya da ɗaya biyu, daga biyar saura uku. Amsa 332 ce dai, amma rubutun daban, tunanin ma daban.

"Madam, ni shekara da shekaru da wannan nake koyarwa, kuma yara sun ci jarrabawa. In naki suka iso ajina suna soke-soken lambobi, ni kuma ina cewa na riƙe ɗaya, wa zai rikice? Su."

"Gaskiya ne, Mushe. Amma nawa suna faɗin na riƙe ɗaya tun CE1, ga kayensu nan, ba su san abin da suka riƙe ba."

Ban yanke musu hukunci ba, domin hanyoyin biyu duk ingantattu ne. Ta fasawa ta fi sauƙin gani da ido, ta riƙewa ta fi tsabta a takarda, musamman in an kai ga dogon rabawa. Suka daidaita cewa a CE1 da CE2 za a fara da fasawa, wurin gyaran jarrabawa a karɓi kowace, a CM1 kuma a nuna wa yara dalilin da ya sa ɗaya hanyar take aiki. Dattijon da kansa ya kawo bayanin da zai yi musu: in wa ya girmi ƙane da shekara uku, bayan shekara goma ma uku ce tsakaninsu, don an ƙara wa kowa daidai. Har yau yana ganin tasa ta fi, kuma ban yi ƙoƙarin raba shi da ra'ayinsa ba.

Iyaye

Wani uba ya zo wurin direkta ya ce sun aiko yara karatu, sun dawo suna tsintar marfin kwalba a juji. Wani kuma ya ji an ce ana wasa da kuɗi, ya tambaya ko caca ake koya musu. Malaman sun riga sun yi hattara da wannan tun farko: ba karta, ba ɗan lido, ba a sa komai a ci. Shi ya sa ma ake zaro farashi daga ƙwarya. Amma bayani a ofis bai isa ba, sai direkta ya gayyaci 'yan kwamitin CGDES, mai kula da tafiyar da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata su zo su gani.

Wani Alhaji mai shago, ɗan kwamitin, ya naɗe riga ya zauna a matsayin mai canji. Yaro ya miƙa masa marfi ɗaya, shi kuma da gangan ya ƙirga masa kara tara. Yaron ya jera su a ƙasa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗago kai.

"Baba, saura guda."

Alhaji ya yi dariya ya cika masa. Bayan kwana biyu yaron shagonsa ya kawo buhun marafan roba, kuma maganar juji ta mutu daga nan.

Abin da sauran malamai suka ƙera

Malamin CP ya gano cewa yaransa sun haddace haruffa amma ba sa iya haɗa gaɓa biyu su fitar da kalma. Ya ɗauko zaurance, wanda yara suke yi tun kafin su shiga lakwal. Yaro biyu, kowa riƙe da kwali mai gaɓa ɗaya, su tsaya a karanta, su musanya wuri a sake karantawa: tafi ta koma fita, bara ta koma raba, daga ta koma gada. Ƙungiya tana cin maki ne in ta nemo gaɓa biyu da ke ba da kalma ta gaske ta kowane ɓangare, don haka dole su karanta duk abin da suka haɗa, su tambayi kansu ko yana da ma'ana. Ya tsaya kan haruffan da sautinsu yake ɗaya a Hausa da Faransanci, ya ajiye sauran sai gaba.

Dattijon CM2 ya ɗauki dara, mai rami talatin, layi biyar gida shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Da farko ya ce kafin ka motsa sai ka amsa tambayar ninkawa. Yaran suka gaji nan da nan, domin tambayar ba ta da alaƙa da wasan, tsaiko ce kawai. Da ya sake tunani sai ya rubuta lamba a bakin kowane rami. In kana son ramin 42 don ka jera uku ko ka toshe abokin karawarka, sai ka faɗi lambobi biyu da in an ninka su suke ba da 42. Yanzu yaro ne yake neman shida sau bakwai da kansa, saboda yana bukatar ramin, kuma yana bin jadawalin ne daga amsa zuwa tushe, abin da rabawa take bukata.

Ba duka suka yi nasara ba. Wata malama ta gwada tseren langa zuwa allo. Manyan samari suka cinye, 'yan mata suka ja gefe, ta watsar. Malamar CI ba ta ƙera komai ba a shekarar, ajinta ya fi na kowa cika, kuma ban matsa mata ba.

Abin da ya canja da abin da bai canja ba

Zuwa ƙarshen zango na biyu, in Madam ta buga tebur aka ɗaga alluna, kuskuren ɗebe ƙarama daga babba ya ragu ƙwarai, kuma wanda ya yi shi yakan gyara da kansa in aka ce masa "je ka wurin mai canji". Wannan jimla ta zama abin da ajin duka suke fahimta, har a ranakun da ba a fito da gwangwani ba.

Amma lissafi irin 403 a ɗebe 168 yana ba su wuya har yanzu. Da kaya a hannu suna yi, domin in ba kara dole a fasa marfi. A allo kawai, sifilin da ke tsakiya yana kayar da da yawa. Tambayoyin da ake ba da su cikin labari da Faransanci ma suna nan da wuyarsu, domin a can harshe ne shingen, ba lissafi ba. Akwai kuma wasu yara da wasan bai amfana ba ko kaɗan, waɗanda suka iso CE2 ba su iya karanta lamba mai gida uku ba. Su sun koyi ɓuya cikin ƙungiya, suna miƙa abin da aka ce su miƙa. Irin waɗannan suna bukatar a ware su gwargwadon inda suka tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya take yi a tsarinta.

Saboda ana yawan canja wa malamai wurin aiki, muka sa kowa ya rubuta wasansa a takarda ɗaya: kuskuren da yake magani, doka, kaya, da abin da ya lalace a gwajin farko. Wani malami daga makarantar da ke kusa ya kwafi takardar Kasuwar Aji ya kai ajinsa, ya dawo ya ce ba ta yi ba. Da muka buɗe littattafan ɗalibansa, sai muka ga su ba aro ne matsalarsu ba, ba su ma bambanta 305 da 350 ba tukuna. Tun daga nan layin farko na kowace takarda yake cewa a fara duba kaye kafin a tara marfi.

Shi wannan malamin da Madam yanzu suna aiki tare kan wasan da zai dace da nasa ɗaliban da kuma nata da aka bari a baya. Abin da suka tsayar zuwa yanzu shi ne a bar marfi da tsakuwa gefe, a yi da kara zalla: yaro ya ƙirga goma ya ɗaure da zare, in ɗauri ya kai goma ya haɗa su dami guda, don ya ga da idonsa cewa ɗari tana ɗauke da goma goma a cikinta. Dokar da za ta hana yaro ƙirga su ɗaya-ɗaya har ƙarshe ce ba su samu ba tukuna, kuma ita za a fara tattaunawa a zaman CAPED na farko bayan komawa makaranta a watan Oktoba.